Daga taya 26 zuwa 29: keke ya yi nauyin taka, wace giya zan sa?

Ɗan Malali: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Bodin kekena mai taya inci 26 ya tsage a gindin sirdi, sai na samu bodin gwanjo mai taya 29 haɗe da tayoyinsa biyu. Mai gyara ya kwance kayan tsohon ya mayar kan sabon: farantan gaba uku masu haƙora 42 da 32 da 22, kaset (jerin giyoyin tayar baya) mai hawa takwas, daga haƙora 11 zuwa 32, da direlar Altus ta Shimano, wato abin da ke matsar da kaca daga giya zuwa giya. Giya tana shiga lafiya lau. Amma keken ya yi nauyin taka. Hayin da nake hawa a zaune idan na fito daga bakin kogi, yanzu sai na miƙe tsaye, cikin yashi kuwa ba a magana. Kayan nan dai su ne na da, ƙafar ma ita ce. Me ya canja? Kuma me ya kamata in saya, don kuɗin ba su da yawa.

Na Rigasa: Wa alaikumus salam. Shekaru ne suka canja, Malam. Ka bar keke ya huta 😂

Ɗan Malali: Allah ya shirye ka. Tare muka yi firamare fa.

Oga Mai Gyara: Kafin masu lissafi su iso, ɗaga keken ka juya tayar baya da hannu. Idan ta tsaya da wuri, ko ka ji "shii shii", birki ne yake goga, ko kuma boris ɗin hob, wato cibiyar taya, ya bushe. Kayan gwanjo da yawa sun daɗe a kwantena, giris ɗinsu ya zama ƙasa. Sau da yawa wanda ya zo min da kukan giya, birki nake saita masa ya tafi.

Ɗan Malali: Na duba Oga. Taya tana juyawa har sai na gaji da kallo. Birkin faifai ne kuma ba ya taɓawa.

Malamin Lissafi: To tunda haka ne, ba tsufa ba ne, ba birki ba ne. Tayar baya ita ma giya ce, mutane ne ba sa lissafa ta. Faranti da kaset suna faɗa maka sau nawa taya za ta juya idan ka zagaya feda sau ɗaya. Girman taya kuma shi ke faɗin ƙasar da za a ci a kowane juyi. Dogo da gajere za su iya yin taku ɗari ɗari, amma ba wuri ɗaya za su tsaya ba.

Ga alƙaluman. Rim ɗin 26 faɗinsa milimita 559 ne daga inda taya ke zama, na 27.5 milimita 584, na 29 kuma 622. Suna rubuce a jikin tayar, za ka ga wani abu kamar 54-559 ko 54-622. Idan kaurin roba inci 2.1 ne, taya 26 tana cin kusan milimita 2068 a juyi ɗaya, 27.5 tana cin kusan 2148, ita kuwa 29 kusan 2288. Raba 2288 da 2068, za ka ga ƙarin ya kusa kashi 11 cikin 100. Wato kowace giya da ka saba da ita ta ƙara nauyi da wannan gwargwadon, alhali ba a taɓa haƙori ko ɗaya ba.

Giyarka mafi sauƙi ita ce 22 a gaba, 32 a baya. Ka raba 22 da 32, ka ninka da zagayen taya. A tsohon keken, zagayen feda ɗaya yana kai ka mita 1.42. A sabon, mita 1.57. Idan kana so ka dawo inda kake, babban haƙorin baya ya zama 36, zai ba ka mita 1.40. Idan 34 ka samu, mita 1.48, an raba tafiya.

Na Rigasa: Santimita 15 ce kawai ta sa mutum yake haki haka?

Malamin Lissafi: A kowane zagaye fa. Kuma a daidai lokacin da ba ka da sauran giyar da za ka sauka. Nan ne abin yake. A tsakiyar kaset matsalar ba ta da girma: tsallake daga 18 zuwa 21 ya kai kashi 17 cikin 100, ya fi abin da taya ta ƙara. In ka ji nauyi a kan kwalta, ka sauka giya ɗaya, shi ke nan. Amma idan ka kai ƙarshen kaset babu wurin gudu. Giyar ƙarshe ta sabon kekensa, mita 1.57, ta kusa daidai da ta biyun ƙarshe a tsohon, wato 22 da 28, mita 1.62. A taƙaice an ɗauke masa giya ɗaya daga ƙasa an ƙara masa ita a sama, inda ba ya buƙata.

Ɗan Malali: Wallahi haka nake ji. Ina danna lifar canja giya ina neman wata, babu.

Sarkin Gudu: Yaya, ka yar da farantan nan uku. An wuce wannan zamanin. Tun 2012 SRAM, kamfanin kayan keke, ta fito da faranti ɗaya da kaset 10 zuwa 42, a 2016 ta kawo mai hawa 12 har haƙori 50, Shimano ta biyo baya a 2018 da 10 zuwa 51. Ka sa faranti 30 a gaba, 51 a baya, ka hau bango ma in ka ga dama. Ba direlar gaba, ba kaca ta faɗi, ba ruɗewa. Lifa ɗaya, hannu ɗaya.

Oga Mai Gyara: Ƙanena, mutum ya ce kuɗinsa kaɗan ne, kai kana aika shi sayen rabin keke. Bari in lissafa maka abin da maganarka za ta ci. Kaset mai farawa da haƙori 10 ba ya hawa hob ɗin da yake da shi. Na Shimano mai hawa 12 sai hob mai kai irin Micro Spline, na SRAM sai mai kai irin XD. Wato ko a canja kan hob ɗin in ana samu, ko a kwance taya a sake ɗaure ta. Sannan sabuwar direla, sabuwar lifa, sabuwar kaca, sabon faranti mai haƙora siriri da kauri. Duk da dala ake sayo su.

Sarkin Gudu: Akwai kaset ɗin Deore na Shimano mai hawa 11, daga 11 zuwa 51. Wannan yana hawa hob na gargajiya, ba sai an canja ba.

Oga Mai Gyara: Wannan gaskiya ne, yana hawa. Saura direla da lifa da kaca da faranti. Kuma ranar da kacar ta tsinke maka a bayan Rigachikun, wane mai gyara ne a bakin hanya yake da kaca mai 11? Ta 7 da 8 kuwa ko a ƙauye ka tambaya za a zaro maka daga cikin gwangwani.

Sarkin Gudu: Ai ana yawo da mahaɗin kaca a aljihu, Oga. Abu ne kamar ƙwandala.

Malamin Lissafi: Ku bar ni in sa lissafi a tsakaninku. Faranti 30 da 51 a taya 29 yana ba da mita 1.35, ya ɗan fi tsohon kekensa sauƙi ma. A nan Sarkin Gudu ya yi gaskiya. Amma a duba ɗaya gefen. Faranti 30 da ƙaramin haƙori 11 mita 6.24 ne. Mai zagaya feda sau 80 a minti zai tsaya a kilomita 30 a awa, daga nan ƙafa ce kawai ke kaɗawa. Shi kuwa 42 da 11 da yake da su yanzu mita 8.74 ne, kusan kilomita 42 a awa. Idan aka gwada mafi nauyi da mafi sauƙi, faranti uku da kaset 11 zuwa 34 suna ba da kusan ninki 5.9. Kaset 10 zuwa 51 da faranti ɗaya ninki 5.1, na 11 zuwa 51 kuma kusan 4.6. Tsohon tsarin ya fi faɗi. Abin da sabon ya fi shi da shi sauƙin sarrafawa ne da riƙe kaca a gargada.

Ni ra'ayina, mu a cikin garin Kaduna kafin ka taka jar ƙasa sai ka ci kwalta mai yawa. Wanda ya tashi daga Malali zai bi titi ne ya haye gada kafin ya shiga burtalin bayan Millennium City. Keken da aka tsara don wanda mota ke kai shi gindin dutse ta sauke, ba lalle ya dace da mu ba.

Sarkin Gudu: Malam, tsakani da Allah sau nawa kake wuce 30 a awa da tayar nan mai ƙurji? Sai dai a gangaren gadar Kawo, nan kuwa ko ba ka taka ba kana tafiya.

Malamin Lissafi: Ranar Asabar idan aka jeru a titin Yakowa iska na baya, ana wucewa. Amma na yarda ba kullum ba ne.

Baba Tudun Wada: Yara kenan. Mu da muka yi zamani da Raleigh da Phoenix, giya ɗaya tal, da buhun masara a kariya, ba mu san wannan lissafin ba. Taya 28 ce, kuma mun je Zariya mun dawo.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin mamakin ma, tayar keken naku mai inci 28 da kauri inci ɗaya da rabi, rim ɗinta milimita 635 ne, ya fi na 29 ɗin yaran yau faɗi. Robar ce siririya. Sai dai Baba, idan an zo hayi da buhun nan, ya ake yi?

Baba Tudun Wada: A sauka a tura mana. Turin keke ba abin kunya ba ne a lokacinmu. Amma yanzu da gwiwa ta fara magana, ni ma mai giya nake hawa, kuma ƙaramin farantin nan na gaba shi ne abokina. Yaro, kada ka bari a cire maka shi. Wanda ya taka giya mai nauyi da ƙuruciya, gwiwarsa za ta tambaye shi bashi.

Ɗan Kafanchan: Ku mutanen cikin gari kuna ba ni dariya da hayinku. Ku zo ku gwada hanyoyin gindin dutsen Kagoro ku ga inda ake neman giya da addu'a. A irin wurin nan duk abin da ya wuce mita ɗaya da rabi a zagaye wahala ce, musamman da damina. Ni 29 nake hawa, faranti biyu, 36 da 22, baya kuma 11 zuwa 36. Shimano ma da kanta, lokacin da taya 29 ta fara yaɗuwa, sai da ta fitar da kaset mai hawa tara 12 zuwa 36 saboda wannan koken. Ba yau aka fara ba.

Amma akwai abin da ban yarda da ku ba, maganar yashi. Yashi ba giya mafi sauƙi yake so ba. Ka sa ta ƙarshe ka shiga rairayi, taya za ta yi ta tono a wuri ɗaya, gudu ya mutu, ka kife. Ana shiga da ɗan gudu, a giya ta tsakiya, ka mayar da nauyinka baya, ka sassauta hannu. Kuma ka rage iska. Masu faci suna cika taya su mayar da ita dutse, kamar ta mai ɗaukar itace. Taya 29 in an rage mata iska ta fi 26 tafiya a yashi nesa ba kusa ba. Ina zargin rabin kukan Ɗan Malali daga nan yake.

Ɗan Malali: Gaskiya mai faci ne ya buga min, kuma ta yi tauri sosai. Yaya zan san daidai?

Ɗan Kafanchan: Akwai iyaka a rubuce a gefen tayar, amma wannan ta sama ce, ba umarni ba ne. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ka ga ta ɗan baje idan ka zauna. In ka ji rim yana bugun dutse ka wuce gona da iri, tsinin rim zai cije tub ya yi maka huda biyu. Nauyin jikinka ne zai yanke hukunci, ba nawa ba.

Hajiyar Barnawa: Sallama. Ku ba ni dama in shigo da tawa. Nawa 27.5 ne, faranti ɗaya 32, baya 11 zuwa 42, kuma na ji daɗinsa haka. An kawo min tallan 29 ina tunani. Idan na saya, wane faranti zai ba ni irin abin da na saba?

Malamin Lissafi: Hajiya, naki mai sauƙi ne. Tsakanin 27.5 da 29 bambancin bai kai kashi 7 cikin 100 ba, wato haƙora biyu a gaba. Yanzu 32 da 42 suna ba ki mita 1.64. A taya 29, faranti 30 da 42 za su ba ki 1.63. Kusan abu ɗaya. Mai barin 26 zuwa 29 shi ne zai rage haƙora uku: faranti 32 ya koma mai haƙora 29, kuma tunda farantan faranti-ɗaya bibbiyu suke tafiya, sai ya zaɓi 30 ko 28. Wanda ya sauko daga babbar taya zuwa ƙarama kuma ƙarawa zai yi.

Oga Mai Gyara: Hajiya ki duba yadda farantin yake ɗaure kafin ki biya kuɗi. Mai ƙusa huɗu da tazarar milimita 104, a ƙa'ida 32 ne mafi ƙanƙanta, akwai 30 na musamman mai zare a jikinsa, ƙasa da haka ba ya shiga. Wanda ake ɗaurawa kai tsaye a gindin hannun feda shi ne ke sauka har 28. Sannan ki hau ki gwada tsayin. Ba don giya ba, don ƙafa ta kai ƙasa. Mutum in ba dogo ba ne, 27.5 ba ta da laifin komai.

Hajiyar Barnawa: Na gode Oga. Da alama zan zauna da nawa.

Na Rigasa: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa. Ni ba zan iya sa tayoyin 29 a bodina na 26 ba, in huta da sayen bodi?

Oga Mai Gyara: Ba za ta shiga ba. Daga tsakiya zuwa baki an ƙara fiye da santimita uku, za ta daki cokalin gaba da gadar baya. 27.5 tana shiga wasu, don ita ƙarin milimita 12 da rabi ne, amma sai mai birkin faifai, saboda roban birkin rim ba zai kai inda sabon rim yake ba. Ko ta shiga ka bar wurin taɓo. Laka irin ta Rigasa a watan Agusta, in babu tazarar yatsa tsakanin taya da bodi, ɗaukar keken za ka yi a ka.

Sarkin Gudu: Akwai masu sa 29 a gaba, 27.5 a baya. Su da wace za a yi lissafin?

Malamin Lissafi: Da ta baya kawai, ita kaca ke ja. Kuma kada a dogara da lambar inci. Taya 27.5 mai kauri inci 3 ta kusa kamo 29 siririya a tsayi. Wanda yake son gaskiyar tasa, ya sa bakin bawul a ƙasa ya yi alama, ya hau, a tura shi har bawul ya sake dawowa ƙasa, ya auna da tef. Wannan lambar ce zai ninka. Ita ce kuma zai sa wa agogon gudu, in ba haka ba agogon da aka saita wa 26 zai riƙa rage masa kilomita ɗaya cikin kowace goma.

Ɗan Malali: To Oga, ba zai fi sauƙi a rage farantin gaba ba, a bar baya yadda yake?

Oga Mai Gyara: Duba farantan naka, ƙusa ce mai kwancewa ko an dasa su ne da ribit?

Ɗan Malali: Dasassu ne. Babu wurin sa makulli.

Oga Mai Gyara: To gaba ta rufe, sai dai a canja duka. Ko da masu kwancewa ne ma, ƙasa da 22 wahalar samu gare shi. Baya za a taɓa. Direlarka in Altus ce M310, iyakarta haƙori 34, kuma jimillar kacar da take iya kwashewa 43 ne. Lissafa: 42 a cire 22 saura 20, 34 a cire 11 saura 23, a haɗa 43 cif. Ka ga 34 ta shiga ba tare da an sayi komai ba sai kaset. In ka nace sai 36, jimilla ta zama 45, sai ka nemi direla irin Alivio mai ɗaukar 36. Ta hawa tara ce amma tana aiki da lifarka ta takwas, don jan wayarsu ɗaya ne a Shimano. Ta hawa goma ta keken dutse ce ba ta yi, kada wani ya sayar maka.

Ɗan Kafanchan: Ni dai 36 zan ce. In za a yi, a yi gaba ɗaya.

Oga Mai Gyara: Kai dutse kake hawa. Shi hayin bakin kogi ne da yashi. Ya sa 34, ya rage iska yadda ka ce, ya hau wata guda. In bai isa ba kaset ɗin ba zai ƙi sayuwa ba.

Sarkin Gudu: Za ku dawo kan maganata, ina nan.

Ɗan Malali: 34 ɗin zan fara nema. Kacar da ke kai za ta yi, ko ita ma sai sabuwa?

Oga Mai Gyara: In ta daɗe a kan tsohon kaset, sabuwa. Kacar da ta miƙe tana cinye sabon kaset, kuma za ta riƙa tsalle idan ka danna da ƙarfi. Wajen yanke ta, a ɗora a babban faranti da babban haƙorin baya ba tare da an bi ta cikin direla ba, inda ta haɗu a ƙara gaɓa biyu. Sannan a juya sukurun da ke bayan direla har ƙaramar tayarta ta sama ta daina taɓa 34 ɗin. Kuma idan za ka kasuwa ka cire tayar bayan ka tafi da ita a gwada a gabanka, don akwai masu miƙo maka firi mai zare su ce kaset ne.